Telan Da Ya Yanka Likkafaninsa

Jama'a ku matso gaba, ku bar wa masu zuwa hanya. Iyayenmu mata da ke bayan labule, kuna jina ko? To madalla. Maganar da zan yi yau, wasunku za su sunkuyar da kai, wasu su ce Malam ya tsufa, bakinsa ya saki. Ku sunkuyar ɗin, amma ku bar mini kunnuwa a buɗe.

A wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da keken ɗinki ɗaya ke ɗaukar gari guda, an yi wani mutum, wani bawan Allah tela, ana ce da shi Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. In an zauna a majalisa ba a neman ra'ayinsa, shi ma bai damu a nema ba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne baƙin kekensa na takawa, da wata tsohuwar adaka a ƙuryar ɗaki, da 'ya ɗaya tilo mai suna Barira. Matarsa Marka ta rasu Barira na da shekara tara, bai kuwa sake aure ba. Ko rashin hali ne, ko zuciyar ce ta ƙi, Allah ne masani.

To ku saurara, nan gaɓar take. Barira 'yar fari ce. Kun dai san yadda mutanen da suke kunyar ɗan fari. Tun ranar suna Nomau bai taɓa kama sunan yarinyar nan da bakinsa ba. Ba ya haɗa ido da ita, ba ya zama tabarma ɗaya da ita. Ita ma Marka da take raye kunyar take yi, amma uwa uwa ce, tana da hanyoyinta. Da ta rasu sai gida ya zama daga uba sai 'ya, ga kunya a tsakani. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "In da mai ji a gidan nan, ana son ruwa a zaure." Sai ka ga ruwa ya zo. Ita kuma in ta gama tuwo sai ta ce wa iska, "An sauke." Kada wani ya ce ba ya son ta. Wallahi yana son ta, so mai tsanani, bakin ne kawai al'ada ta ɗaure.

Abin da ya fi masa komai daɗi a duniya shi ne safiya. Yarinyar tana ajin ƙarshe a firamaren garin, ita ke zuwa ta ɗaya, har mazan ajin ta tsere musu. Kullum da safe tana shara tana bitar karatu da ƙarfi: lissafi, sunayen koguna, Turancin da ko kalma ɗaya Nomau bai ji. Shi kuwa yana zaure, sai ya ɗauke ƙafa daga keke, ya yi kamar zare yake sa wa allura, alhali sauraro yake. Sai an buga ƙarfen makaranta ta fito cikin farar rigar da shi ya ɗinka mata, ta durƙusa ta ce, "Za a tafi." Ya dubi keke ya ce, "A dawo lafiya." In ta ba da baya ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Rannan sai ta dawo tun hantsi, ta shige da gudu, ɗankwali ɗaure a ƙugu. Washegari ba karatu. Jibi ba karatu. Ana buga ƙarfe, ba ta fito ba. Nomau ya dubi bango ya ce, "Yau ba makaranta ne?" Aka amsa daga ciki da ƙaramar murya, "Kai ke ciwo." Ya sayo magani ya ajiye a bakin ƙofa. Mako ya wuce, wata ya wuce, kan nan bai daina ciwo ba. Ga ta tana daka, tana ɗebo ruwa, lafiyarta ƙalau, amma da an buga ƙarfe sai ta shige ɗaki ta saki asabari.

Gidan ya yi tsit. Bawan Allah nan zai ɗauke ƙafa daga keke da safe yadda ya saba, ya kasa kunne, ba abin da yake ji sai ƙarar tsintsiya. Kewar muryar nan ta hana shi sakat. Wata rana ma ya ji ta a bayan katanga, yara na wucewa makaranta, tana bitar karatun a hankali, a hankali, kamar mai satar abin da ba nata ba. Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Yana son ya tambaya, to ta ina? Ya ce a ransa, "Kai, Marka, da kina nan da tuni an san abin da ke ciki."

Ran kasuwa sai ga hedimasta a kan basukur. Ya jingine, suka gaisa, ya ce, "Malam Nomau, sunayen masu jarrabawar shiga makarantar gaba za mu aika birni ran Litinin ta sama. In Barira ba ta cikin aji ranar, dole in cire sunanta. Ba na so, don shekara goma ban ga kwanya irin tata ba."

Nomau ya ce, "Malam, me aka yi mata?"

Hedimasta ya dubi ƙasa, ya gyara hula, ya ce, "Sha'anin yara ne. Ta tashi yin lissafi a allo, aka ɗan yi dariya a aji." Ya hau basukur ɗinsa ya tafi. Kun gani ko? Shi ma mai ilimin kunya ta kama masa harshe.

To tela ya san ƙyallensa kamar yadda makiyayi ya san akuyarsa. Da ma Nomau ya lura guntayen yadin da yake tarawa a kwando suna raguwa. Washegari Barira ta tafi rijiya, shi kuma ya zagaya bayan rumbu neman inda kaza ke ƙwai, sai ya ga wata fasasshiyar tukunya a kife. Ya ɗaga. Ga guntayen nan nasa, na buhu, na shadda mai kaushi, na atamfa mai zuba, a jiƙe, a cukuikuye, duk sun yi fumfuna. A ƙarƙashinsu ga farar rigar makaranta. Ya warware ta. Bayan rigar, daidai wurin zama, an dirje shi da toka da dutse, an dirje, an dirje, har yadin ya huje. Tabon bai gama fita ba.

Ya daɗe a tsugune da rigar nan a hannu. Ba wanda ya yi masa bayani, yadi ya gaya masa komai. Yarinya ta girma, jinin al'ada ya zo mata a gaban allo, a gaban maza, ba uwa, ba wanda ya taɓa gaya mata yana tafe. Ta zo gida ta tarar da uban da ba ya iya kiran sunanta. Hawaye ya zubo masa. Ya mayar da komai yadda ya gan shi, ya kife tukunyar.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce mai daddawa, Iya Tabawa, bakinta ya fi daddawarta ƙarfi. Nomau ya yi sallama ya tsuguna nesa, ya yi ta kame-kame, daga lafiyar jika sai tsadar kalwa, har ta gaji ta ce, "Kai Nomau, in bashin daddawa ne ka faɗa, in zawarcina ka zo ka makara."

Ya ce, "Iya, tambaya ce. Mata in suna fashin salla, da me suke... yaya suke yi?"

Tsohuwa ta saki muciya. "La'ilaha illallahu! Namiji da gemunsa! Wa ya aike ka?"

Ya gaya mata abin da ya gani a bayan rumbu. Can ta ce, "Allah sarki marainiya. To ai haka muka tashi, ɗan nan. Tsumma ne, ka samu wanda ka samu ka yi ƙunzugu. In ka wanke kuma ba a shanya shi a rana, kada idon namiji ya gani, kada maƙiyi ya tsinta ya kai wa boka a ɗaure maka mahaifa. A duhu ake ɓoye shi."

"Ko bai bushe ba?"

"Ko bai bushe ba. Ƙaiƙayi da ƙuraje kuwa mun sha su, wa za ka gaya wa? Mace in ta fara, zaman gida ya kama ta. Ka duba ajin nasu mana. 'Yan mata nawa suka fara, nawa suka rage? Ka bar ta ta zauna, ba kanta farau ba."

Nomau ya ce, "Iya, ke ba ki ji ta tana karatu a bayan katanga ba. Ni na ji."

Ya dinga tambaya, tana zaginsa tana ba shi amsa: wane tsawo, wane faɗi, ina yake zuba, ina yake gurzar fata. Ta ce abin da ake so yadi ne mai laushi, fari, mai shan ruwa, wanda ba ya zuba. Ya tashi ya koma gida.

Ku saurara da kyau. A cikin adakar nan ta ƙuryar ɗaki akwai alawayyo, farin yadi sabo dal. Ranar da Marka ta rasu likkafani biyu ya yanko a kasuwa, ɗaya aka naɗe ta, ɗaya ya ajiye wa kansa, don kada ranar tasa ta zo a ɗora wa marainiya nauyi. Shekara huɗu yadin nan na ninke. Wani lokaci in kewar matarsa ta dame shi yakan buɗe ya shafa, ya rufe. Ranar ya fito da shi, ya shimfiɗa a zaure, ya yi bisimilla, ya sa almakashi.

Ya fara yanka sabuwar rigar makaranta. Sannan ya zauna wa ɗaya aikin da basirarsa ta tela. Ya ninka yadi, ya shimfiɗa auduga a tsakiya, ya bi da ɗinki layi-layi don kada ta dunƙule in an wanke, ya kalmashe baki don kada ya ci fata, ya sa 'yan igiyoyi na ɗaurewa. Ya kai wa Iya Tabawa ta duba, ta ce ya yi kauri. Ya warware ya sake. Ta ce igiyar ta yi gajarta. Ya sake. A na uku ta juya shi a hannu, ta juya, ta ce, "Ɗan nema, ina kake shekara hamsin da suka wuce?"

Lokacin kuwa Babbar Salla ta ƙarato, zauren Nomau cike da rigunan mutane a rataye. Yana cikin ɗinki sai ga Ladan Cindo, ladanin masallacin Juma'a, ya zo duba babbar rigarsa. Mutum ne mai son a san yana da tsarki, in ya yi alwala sai ya ƙarar da buta biyu. Idonsa ya faɗa kan abin da ke gefen keke, ya ɗauka yana jujjuyawa. Ya ce, "Nomau, wannan kuma fa? Gidan laya ne ka ƙirƙiro?"

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Da ya ce "I, gidan laya ne," shi ke nan, an wuce wurin. Shaiɗan ya raɗa masa, "Ka ce i mana, wa zai sani?" Amma bawan Allah nan tun da yake bai taɓa cewa riga ta kusa alhali bai yanka ba, kun kuwa san a tela wannan ba ƙaramin abu ba ne. Telolin da ke nan ku yi haƙuri. Ya ce, "Ba laya ba ce, Ladan. Ƙunzugun mata ne, na masu al'ada."

Ladan ya yar da shi kamar ya ɗauki garwashi. "A'uzubillahi! A keken da kake ɗinka rigar da zan kira salla da ita?"

"Sabon yadi ne, Ladan. Ko jikin mutum bai taɓa ba."

"Ko ma dai mene ne! Allurar ba ɗaya ba ce? Allurar da ta shiga wannan ita za ta shiga rigata? Miƙo mini kayana!"

Ya fizge rigarsa, hannu ɗaya ba a haɗa ba, ya fita yana tofar da yawu. Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin la'asar magana ta zaga gari, wai duk rigar da ta bi ta allurar Nomau salla ba ta inganta da ita. Ku ji fa! Ba wanda ya je ya tambayi malami, ba wanda ya ce a wane babi aka faɗa. Kowa ya zo ya kwashe yadinsa, aka ɗora a kan jaki aka kai wa telan wani gari. Kwana biyu, ƙusoshin zaure suka zama wayam. In ya wuce majalisa sai a yi ta gyaran murya, wani ya ce, "A gai da telan mata!" A bushe da dariya. Shi dai ya ce, "Lafiya lau," ya wuce.

Wannan duk bai dame shi ba kamar abin da ya biyo baya. Gari ya san 'ya ɗaya gare shi. Barira ta je rijiya, mata suka bi ta da kallo, wasu na ƙunshe dariya da mayafi. Ta bar gugan a nan ta dawo. Da Iya Tabawa ta kai mata ƙunshin, riga da sauran, ta ture shi. Nomau na zaure yana jin kukanta ta katanga. Tana cewa, "Iya, da aji ɗaya ne ya yi mini dariya, yanzu gari guda ne. Baba ya tona mini asiri. Ni da makaranta har abada!"

Kai, jama'a! Ka yanka likkafaninka don mutum, ya ce ka tona masa asiri. Wannan ita ce jarrabawar, ba rigunan Salla ba. Nomau ya zauna gaban keke, hannu a kan gwiwa, bai ji haushinta ba ko kaɗan, don ya san gaskiya ta faɗa. Ga Litinin saura kwana biyar.

Iya Tabawa ta fito ta same shi. Ta ce, "Ka je majalisa ka ce kuskure ne, ka canza allura a gabansu, ka rantse ka daina. Ka ceci sana'arka."

Ya ce, "Iya, in na ce kuskure ne, na ce abin da ya same ta abin kunya ne ke nan. Ba zan faɗa ba."

Amma maganar da ta kore masa maza, ita ta kai labari cikin gidaje. Washegari Iya Tabawa ta shigo tana waige-waige, ta ce a hankali, "An zo sayen daddawa, an tambaya ko akwai sauran abin nan." Jibi aka zo mutum uku. Gata mutum biyar. Iyaye mata ne, kowace da 'yar da ke kwana biyar ko bakwai a ɗaka duk wata, wasu sun bar makarantar ɗungum. Su shigo da kwanon daddawa, su fita da abu a ƙarƙashin mayafi. Tsohuwa ta ce, "Ka san matar wa ta zo yau? Wallahi in na gaya maka sai ka yi dariya."

Ya ce, "Kar ki gaya mini, Iya. Ba na son in haɗu da mutum a masallaci in san sirrin gidansa."

Ya ci gaba da yanka. Bai karɓi ko anini ba. Da tsohuwa ta ga yadin ya kusa ƙarewa ta tambaye shi ina ya samo alawayyo mai kyau haka, ya gaya mata. Ta dafe ƙirji. "Likkafaninka? Nomau, ka haukace? To ka bar ɗan abin da za a rufa maka asiri mana!"

Ya ce, "Iya, gawa ba ta jin kunya. Masu rai ke ji." Ya sa almakashi a sauran.

Ran Asabar ya kafa 'yar zana a tsakar gidansa, inda rana ke faɗawa sosai, ya ɗaura igiyar shanya a ciki, yadda za a shanya abu ya bushe ba idon da ya gani. Ran Lahadi ya nemi izinin hedimasta, ya ɗauki sauran zanar da gatari ya tafi bayan makaranta. Da ma wurin ba makewayi, maza su shiga daji, mata su matse har a tashi. Ya kafa kewaye, ya ɗauko randar gidansa ya girke a ciki, ya cika ta da ruwa, ya ajiye buta. Masu wucewa suna nuna shi da baki.

Litinin ta zo. Gari ya waye, ba karatu, ba ko shara. Ƙunshin na nan a bakin ƙofarta inda aka ajiye shi. Nomau ya tsaya a tsakar gida ya dubi bango ya ce, "Yau ce Litinin fa." Ya ce, "In da mai ji, yau ake aika sunaye." Shiru. Can sai aka buga ƙarfen farko.

Bawan Allah nan ya taka har bakin asabari, inda bai taɓa tsayawa ba. Ya buɗe baki, sunan ya maƙale. Shekara goma sha uku yana riƙe da shi a ciki. Ya sake buɗewa, ya ce, "Barira."

Ya sake kira.

"Barira, 'yata. Ni ne babanki nake kiranki."

Asabari ya motsa. Ta leƙo, idanu sun kumbura, tana dubansa kamar ba ta san shi ba. Ya tsuguna, ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Ki yafe mini. Kunya na tsaya ji, na bar ki ke kaɗai da abin da ya fi ƙarfinki. Abin da ya same ki ba cuta ba ne, ba laifi ba ne. Ya sami uwarki, ya sami uwata, ba don shi ba da ba a haifi ko ɗaya daga cikin masu dariyar ba. Ni ban iya karatunki ba, amma tun da kika daina, gidan nan ya zame mini kango."

Ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba, za su yi dariya."

Ya ce, "Sun yi ta a kaina mako guda, ta kusa ƙare musu. Ki shirya. Ni zan shiga gaba, ke ki biyo ni."

Ta ɗauki ƙunshin ta shiga. Da aka buga ƙarfe na biyu ta fito cikin sabuwar farar riga. Ya karɓi littattafanta ya rungume, ya shiga gaba. Akwai hanyar bayan gari, bai bi ta ba. Ta gaban majalisa ya bi, inda dattawa ke shan hantsi. Wani ya fara, "A gai da telan..." sai maganar ta tsaya masa a wuya. Don daga wannan zaure yarinya ta fito da kayan makaranta ta bi bayan Barira, daga wancan wata ta fito, daga can wasu biyu. Yaran da aka daɗe ba a gani a hanyar nan ba. Ta ƙarshe daga zauren Ladan Cindo ta fito. Ladan na zaune a wurin, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Nomau bai dube shi ba. Ya yi wa majalisa sallama, ya wuce da 'yan matansa har ƙofar aji, ya miƙa wa Barira littattafanta. Sunanta ya tafi birni.

Kuna tsammanin daga nan sai daɗi? A'a. Ta ci jarrabawa, aka ɗauke ta makarantar kwana a nesa, tafiyar yini guda a mota. Abin da ya roƙa aka ba shi, shi ne kuma ya raba shi da ita. Ya koma zaurensa shi kaɗai. Da safe ya ɗauke ƙafa daga keke ya kasa kunne, sai kukan kurciya. Manyan riguna kaɗan suka dawo, yawanci ba su dawo ba har abada, don mutum ya fi son ya daɗe a kan kuskure da ya ce na yi kuskure. Ya rayu da faci da ɗinkin ƙunzugu, mata na kawo yadinsu ta hannun Iya Tabawa. Duk ran kasuwa yana bakin tasha, ko an ba direba wasiƙa. Shekara tara yana wannan jira.

A ta goma ta dawo, malama, aka ba ta aji a makarantar nan tasu. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Sai ya riƙa jan sanda ya je gindin katangar makaranta ya zauna, yana jin muryarta tana koya wa yara sunayen koguna. Damina ɗaya tak ya samu yana wannan saurare, Allah ya karɓi abinsa.

Aka zo haɗa shi. Ladan Cindo, shi ma ya tsufa tukuf, shi ke kan al'amarin. Ya ce a buɗe adaka a ɗauko likkafani, ai an san ya ajiye. Aka buɗe, ba komai sai 'yan zare-zaren alawayyo. Iya Tabawa, tana dogara sanda, ta ɗaga murya daga cikin gida yadda mazan zaure za su ji, ta ce, "Ba ku san inda ya tafi ba? Ku je ku tambayi matanku da 'ya'yanku!"

Ba a kai ga aikawa kasuwa ba. Farin yadi ya fara shigowa, daga wannan gida, daga wancan, ana miƙowa ta katanga, har daga gidajen da suka kwashe rigunansu. Aka tara abin da zai naɗe mutum goma. Barira ta zauna a keken ubanta za ta haɗa likkafanin, hawaye ya hana ta ganin allura. Ladan Cindo ya matso, ya kama mata bakin yadin ya riƙe, har ta gama.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Kunya ado ce, kunya daga imani take, amma kunyar da za ta sa 'yarka ta kife tsumma a ƙarƙashin tukunya ba ita addini ya yaba ba. Allah ya ɗauke wa mai haila salla da azumi don sauƙi, bai ɗauke mata mutunci ba, bai ce a kore ta daga cikin mutane ba, bai ce ta bar neman ilimi ba. Mu muka ƙara wannan da hannunmu.

Kai uba, kana sayen goro, kana sa kati a waya, ka taɓa sa audugar mata a cikin cefane? Ka taɓa tambayar me ya sa kan 'yarka ke ciwo duk wata? In bakinka ba zai iya ba, hannunka ai zai iya. Ke uwa, ki gaya mata tun bai zo ba, kada ya riske ta a gaban allo. Ku bar su su shanya a rana, ba bokan da ya fi danshi cutarwa. Ku malaman makaranta, ɗan kewaye da randar ruwa bai fi ƙarfinku ba. Ku kuma samari masu dariya, ku tuna ta inda kuka fito. Kuma a unguwar nan tamu akwai gidajen da ko tsumman kirki babu, kun san su, ba sai na nuna ba. Ku aika a ɓoye, kada ku nemi sanin wadda ta karɓa.

Nomau ya yanka abin da ya tanada don rufa wa kansa asiri ya rufa wa 'ya'yan mutane, Allah bai bar shi tsirara ba. Yau in kun koma gida, wanda ke da 'ya ya kira ta da sunanta, ya tambaye ta abin da take bukata. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya jiƙan iyayenmu. Ku tashi a gyara sahu, lokaci ya yi.